Yadda Ake Kula da Faratan Kyanwa Ba Tare da An Cire Su Ba

Idan mai kyanwa ya gaji da ganin hannun kujera a yayyage, ko ya ga shatin farce a kumatun yaro, yakan fara neman likitan da zai cire mata faratan gaba ɗaya a huta. Akwai wannan tiyatar, amma ba yankan farce ba ce. Farcen kyanwa daga cikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, don haka ba yadda za a hana shi sake fitowa sai an guntule ƙashin. Daidai yake da a datse wa mutum kowane yatsa daga gaɓar da farcensa yake. Idan ƙafafun gaba aka yi wa, gaɓoɓi 10 ke nan aka yanke a zama ɗaya.

Ita kuma kyanwa a kan yatsunta take takawa, ba a kan dunduniya ba. Da zarar an rage yatsun, tafiyarta ta canza, nauyi ya koma inda bai saba sauka ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya duba kyanwoyi 274, rabinsu an yi musu wannan aiki. Hoton ƙashi ya nuna cewa kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suna da guntun ƙashi da ya saura a cikin yatsa, kuma ciwon baya da cizo da yin bahaya ba a cikin akwatin yashin da aka tanada ba sun fi yawa a cikinsu. Wato an sayi lafiyar kujera, an jawo fitsari a kan katifa. Shi ya sa Yarjejeniyar Turai ta kare dabbobin gida ta 1987 ta hana aikin, dokar Birtaniya ta 2006 ma haka. Isra'ila ta hana a 2011. A Amurka jihar New York ce ta fara a 2019, Maryland ta biyo a 2022. Dokokin sun bar ƙofa ɗaya: idan rashin lafiya ce ta sa, kamar ciwon daji a yatsa ko raunin da ba ya gyaruwa.

Akwai wata tiyatar da ake cewa ta fi sauƙi, wadda ake yanke jijiyar da kyanwa take fito da farce da ita. Kada a ruɗe ka. Farcen yana nan yana girma, sai dai ba ta iya karta da shi, sai ya yi kauri ya lanƙwashe, ka koma yankan da kake gudu, da wahala fiye da da.

Abin da yake magance matsalar aiki uku ne da ake haɗawa: a rage tsinin farce, a ba ta inda za ta karta, a sa inda take ɓarna ya daina yi mata daɗi. Hana ta karta kwata-kwata ba zai yiwu ba, domin da shi take saɓule tsohon kwanson farce, da shi take miƙa, kuma tsakanin yatsunta akwai inda ƙanshin jikinta yake fita, wanda take shafa wa wuri don alamar cewa nan nata ne.

Kayan aiki

Na yankan farce:

- Abin yanke farcen kyanwa, mai kama da ƙaramin almakashi da ɗan lanƙwasa a bakinsa. In babu, abin yanke farcen mutane zai yi, amma sabo mai kaifi. Ban da reza, ban da almakashin ɗinki, ban da babban na karnuka, wanda yake rufe maka gani.
- Garin tsayar da jini da ake sayarwa tare da kayan dabbobi. In babu, garin sitaci ko fulawa, ko busasshen sabulun sanda marar turare.
- Auduga ko tsumma mai tsabta, da babban tawul.
- Haske mai kyau. Fitilar waya ta isa idan akwai mai riƙe maka.
- Lada: ƙananan gutsattsarin abin da ta fi so, misali dafaffen naman kaza ba gishiri. Kada albasa ko tafarnuwa su shiga, guba ne a gare ta.

Na turken karta:

- Katako mai kusurwa huɗu, kaurin santimita 9 a kowane gefe, tsawon santimita 90, wanda ba a jiƙa shi da maganin gara ba.
- Faifan katako na gindi, santimita 50 tsawo da faɗi, kaurin milimita 18.
- Igiyar sisal (igiya ce mai kaushi ta zaren tsiro) mai kaurin milimita 8, kimanin mita 40. Ka shinshina kafin ka saya. Idan tana warin mai ko kananzir, bar ta.
- Sukuru 4 masu tsawon santimita 8, ƴan kusoshi masu lanƙwasa, gam na katako, guduma da abin huda katako.

1. Fara duba ko tana bukatar yankan

Ba kowace kyanwa ake yanke wa farce ba. Wadda take fita waje da shi take hawa bango ta tsere wa kare, kuma yawo yana cinye mata shi. Ita dubawa kawai ake yi, sai in wani ya yi tsawo har ya lanƙwashe. Wadda ba ta fita ita ce mai bukata, sai kuma tsohuwa. Alamomin ba sa ɓuya: farce yana maƙalewa a bargo ko labule tana fizga, kana jin ƙas-ƙas in tana tafiya a kan siminti ko tayil, ko kana hango tsinin alhali tana kwance a sake.

Ka ƙirga su. Galibi 18 ne: 5 a kowace ƙafar gaba, 4 a kowace ta baya. Na biyar ɗin gaba yana can sama ta ciki, ba ya taɓa ƙasa, saboda haka ba abin da yake cinye shi. Shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi zagayowa ya soke nama. Wasu kyanwoyin ana haifarsu da ƙarin yatsu, sai a lalubi tsakanin gashin da kyau, don akan sami ƙaramin farce a ɓoye.

2. Saba mata da taɓa ƙafa

Nan ne yawancin mutane suke faɗuwa, don sun ɗauko kyanwar da ba a taɓa riƙe wa ƙafa ba sun ce yau sai an gama duka. Ka ba wannan mataki mako ɗaya zuwa biyu, ba tare da ka yanke komai ba.

Ka zaɓi lokacin da ta ƙoshi tana gyangyaɗi. Shafa kafaɗarta, ka gangaro zuwa ƙafa, ka riƙe dagin na daƙiƙa biyu ko uku, ka saki, ka ba ta lada nan take. In ta janye, kada ka ja. Bi hannunta a hankali ka sake. Bayan kwana biyu ko uku, fara matsa yatsa ɗaya: babban yatsanka a sama, manuni a ƙarƙashin tafin, ka ɗan danna gaɓar da take bayan farcen. Zai fito da kansa. Saki, lada. Daga nan ka ajiye abin yankan kusa da ita ta shinshina, ka riƙa datse tsinken ashana da shi a gabanta don ta saba da ƙarar.

Ƴar kyanwa ta fi saurin karɓa, shi ya sa ake farawa tun tana ƙarama. Babba ma tana koyo, sai dai ta fi cin lokaci.

3. Gane inda za ka yanka

Fito da farce ɗaya, ka haska shi ta gefe. Daga tsini zuwa wajen tsakiya fari ne garau, kusan kana ganin haske ta cikinsa. Daga gindi kuma akwai wani ɓangare mai launin ruwan hoda da ya shigo ciki ya tsuke. Wannan shi ne naman farce, akwai jini da jijiya a ciki. Ka bar tazarar milimita 2 tsakaninsa da bakin abin yankan. A aikace, ƙugiyar tsinin kawai kake cirewa, daidai inda farcen ya fara lanƙwasa ƙasa sosai.

In farcen mai duhu ne ba ka ganin naman, cire siririn tsinin kaɗai ka tsaya. Gara ka sake yanka bayan kwana goma da ka shiga nama sau ɗaya, domin kyanwa ba ta manta wanda ya ji mata ciwo a ƙafa.

4. Riƙo da yanka

Zauna a ɗaki mai shiru, ka rufe ƙofa, ka tanadi garin tsayar da jini a buɗe kusa da kai. Ɗora ta a cinyarka, bayanta yana jingine da cikinka, fuskarta tana kallon gaba, damtsenka ya ɗan tokare ta. Ba matsewa ake yi ba. Iya riƙon da zai hana ta zamewa ya isa. In akwai na biyu, aikinsa ya riƙa ba ta abin lasa a cokali.

Danna yatsa, farce ya fito. Kawar da gashi idan mai dogon gashi ce. Saka abin yankan yadda zai datse daga sama zuwa ƙasa, ka sake duba inda ruwan hodar ya tsaya, sannan ka datse a karo ɗaya da sauri. Matsawa a hankali murƙushe farcen take yi. In ka ga bakin yankan ya tsattsage, kusan kullum dakushewar ƙarfen ce, sai a canza shi. Da abin yanke farcen mutane, a tsaya a siririn tsinin, don bakinsa bai dace da inda farcen ya yi kauri ba.

Ranar farko farce ɗaya ko biyu sun isa. Ba ta lada, ka sake ta. Gobe biyu, jibi biyu. Babu dokar da ta ce sai an gama a zama ɗaya, kuma akwai kyanwoyin da har tsufansu ƙafa ɗaya ake yi musu a rana. Wata dabarar ita ce a yi lokacin da take barci mai nauyi. Sau da yawa za ka cire biyu kafin ta buɗe ido.

Ka lura da jikinta. Wutsiya tana kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa sun kwanta baya, fatar baya tana motsi, ko ta fara gurnani: saki, an tashi na yau. In ta buɗe baki tana haki, ka tsaya nan take ka bar ta ta huta, wannan tsoro ne mai tsanani. Kada ka cafke ta ta fatar wuya ka danne. Tana iya yin tsit, amma tsit ɗin tsoro ne, kuma karo na gaba da ta hango abin yankan sai ƙarƙashin gado.

Ga wadda take kai hannu, a yi amfani da tawul. Shimfiɗa shi, ɗora ta a tsakiya, naɗe gefe ɗaya ta kan bayanta, sannan ɗaya gefen, kai a waje, ka zaro ƙafa ɗaya kawai. Yatsunka biyu su iya shiga tsakanin tawul da wuyanta. In da tawul ɗin ma faɗa ne, kai ta wurin likitan dabbobi ya yanke. Yana iya rubuta maganin kwantar da hankali da ake bayarwa kafin a zo. Kada ka ba ta wani maganin barci da kanka.

Faratan gaba ana yanke su duk mako 2 zuwa 4. Na baya sun fi jinkirin tsawo kuma sun fi dakushewa, sau da yawa dubawa kawai suke so. In ka tsinci wani abu mai siffar farce, fanko, a gindin inda take karta, ba karyewa ya yi ba, tsohon kwanso ne ya saɓule.

Tsohuwar kyanwa tana son ƙarin kula. Ciwon gaɓoɓi yana rage mata karta, kwanson ba ya faɗuwa, sai farcen ya yi kauri ya dushe. A duba ta duk mako biyu. In farce ya riga ya nutse cikin tafin, da kumburi ko mugunya ko wari, wannan ba aikin gida ba ne, na likita ne.

5. Idan jini ya fito

Yana faruwa har ga waɗanda suka ƙware. Kada ka sake ta ta ruga, jinin zai bi ɗaki kuma gudun yana ƙara shi. Ɗebi garin tsakanin yatsu biyu, ka danna a bakin farcen, ka riƙe minti ɗaya zuwa biyu ba ɗagawa. Ɗagawa don leƙe ita take hana jini daskarewa. In sabulu kake da shi, soka tsinin farcen a ciki ya toshe. Garin tsayar da jini na shago yana da ɗan zafi, za ta zabura, amma ya fi saurin aiki. In an yi minti 10 jini bai tsaya ba, a tafi asibitin dabbobi. A duba yatsan kwana biyu ko uku, ko da kumburi ko ɗingishi.

Kada ka ba kyanwa parasitamol ko ibuprofen don rage zafi. Ƙwaya ɗaya ta parasitamol tana iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi.

6. Haɗa turken karta

Yawancin turakan da kyanwa take ƙi, laifi biyu ne da su: gajarta da rawa. Tana son ta miƙe tsaye, ta kafa farata a sama, ta ja da dukkan nauyinta. In turken bai kai tsawonta a miƙe ba, ko ya yi motsi ya ba ta tsoro, kujera za ta koma, don kujera ba ta rawa.

Ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a faifan gindin don ka sami tsakiya. Ɗora katakon a nan ka zana shatinsa, ka huda ramuka 4 a cikin shatin. Shafa gam, ka ɗaure sukurun daga ƙasa, kawunansu su nutse don kada su karce daɓe.

Naɗin igiya daga ƙasa ake farawa. Kafe bakinta da kusa mai lanƙwasa biyu, ka buga su su shige sosai. Naɗa da ƙarfi, kowane zagaye ya manne da na ƙasansa. Duk zagaye 10, ka bubbuga da guduma daga sama don su matsu, ka ja siririn layin gam a jikin katakon kafin ka ci gaba. Za ka yi zagaye wajen 100 kafin ka rufe santimita 80. Kafe ƙarshen a can sama, ko a kan turken. Kada ka buga kusa a tsakiya inda farata suke sauka. A bar shi awa 24 ya bushe, sannan ka tura shi da hannu daga sama. In ya karkata, ƙara faɗin gindin, ko ka ɗora masa nauyi, ko ka ɗaure shi da bango.

In ba sisal, igiyar rama tana yi, sai dai ta fi saurin cinyewa. A guji igiyar roba: zarenta yana kama farce, kuma in ta haɗiye shi yana iya toshe hanji. In ba igiya sam, gungumen itace busasshe mai ɓawo, wanda aka kafe da kyau, ya wadatar. Asali a jikin bishiya kyanwa take karta. Abin da ba na ba da shawara shi ne lulluɓe turke da ragowar kafet ɗin ɗaki, don ba za ta gane dalilin da aka yarda da wannan aka hana wancan ba.

Ka kalli irin ɓarnar da take yi kafin ka sha wahalar sassaƙa. Mai yagar gefen kujera da ƙyauren ƙofa turke take so. Mai yagar kafet da tabarma abin kwance take so. Wannan da kwali ake yi: yanka shi falle-falle, faɗin santimita 8, tsawon 45, ka jera su a tsaye cikin wani akwatin kwali marar zurfi, gefen mai ramuka yana kallon sama, a matse har ba sa motsi. Falle 50 za su ba ka faɗin wajen santimita 20. In fuskar ta cinye, juya su.

7. Inda za a ajiye, da koya mata

Turken da aka kai lungun da ba kowa, ado ne kawai. Karta alama ce, a wurin da ake gani take son yin ta. Ajiye shi dab da abin da take yaga, har ya tare wurin. In da na biyu, a sa kusa da makwancinta, domin da ta farka miƙa take fara yi. Gida mai kyanwa fiye da ɗaya, kowace da nata.

Kada ka kama ƙafafunta ka goga a jikin igiyar. Wasu kan tsani turken daga ranar. Ɗauki igiyar wasa mai gashin tsuntsu a baki, ka ja ta sama a jikin turken; garin cafka faratanta za su shiga, ta ji daɗin wurin da kanta. Ka karta shi da naka farcen tana ji. Duk lokacin da ta yi amfani da shi, lada a cikin daƙiƙa biyu ko uku, in ya wuce haka ba ta haɗa su. Ganyen katnif da ake sayarwa don kyanwoyi yana jawo da yawansu, amma akwai waɗanda bai dame su ba, kuma ba ya aiki a kan ƴan ƙanana.

In ta kama shi makonni, kuma wurin ya tsone maka ido, matsar da shi kaɗan-kaɗan, ƴan santimita a rana. Kuma kada ka jefar da shi don ya yi buzu-buzu. A lokacin ne ya fi yi mata, ya cika da ƙanshinta. Sai igiyar ta tsinke ake sake naɗi.

8. Kare kayan ɗaki

Wanke inda ta saba yaga da ruwa da sabulu marar ƙarfi don ƙanshin ya tafi. Sannan ka canza yadda wurin yake ji a ƙafa: salatif mai manne ta fuska biyu, ko takardar alminiyom, ko leda mai kauri da aka ja ta yi santsi. Gwada salatif ɗin a ɓoyayyen gefe tukuna, yana ɓata wasu yadudduka da fata. A bar shi makonni 3 zuwa 4, a cire kaɗan-kaɗan. In ba ka gida, rufe ɗakin ya fi komai sauƙi. Duk wannan ba ya aiki sai turke yana tsaye a gefe. In ba haka ba kujera ta gaba za ta koma.

Duka, tsawa da fesa ruwa abu ɗaya suke koya mata: ta jira ka fita. Suna kuma ƙara mata fargaba, kyanwa mai fargaba kuwa karta take ƙarawa. In ka kama ta a kai, kira ta da abin wasa zuwa turke. Kada a shafa man ƙanshi mai ƙarfi na tsirrai a kayan ɗaki don korar ta, da yawansu guba ne gare ta. In kuma ɓarnar ta ƙaru farat ɗaya, musamman a bakin ƙofa da taga, bincika ko wata kyanwar ce take zagayowa ta waje, ko an kawo sabuwar dabba.

9. Hular farce

Ƙananan huluna ne na roba mai laushi da ake manna wa kowane farce. Soft Paws ne sunan da aka fi sani. Suna da amfani a gidan da ake da jariri, ko tsoho mai siririyar fata, ko mai shan maganin tsinka jini, ko kafin ta saba da turke. Na kyanwar da ba ta fita ne kaɗai.

Ana sayen su bisa nauyin kyanwa, don haka auna ta. Yanke tsinin farcen kaɗan. Gwada hular ba gam: ta shiga daidai, kada ta kai ga fatar gindin farce. In ta yi tsawo, rage ta daga buɗaɗɗen bakin. Zuba gam ɗin da ya zo da ita zuwa kashi ɗaya cikin uku na hular, ka ɗan matsa ya bazu, ka fito da farcen, ka zura. Riƙe kyanwar minti 5 tana cin lada kafin ka sake ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika gam: sai ya tumbatso ya manne gashi da fata, farcen ya kasa komawa. Faratan ƙafafun gaba kawai ake sa wa galibi.

Suna faɗuwa da kansu cikin mako 4 zuwa 6 yayin da kwanso yake saɓulewa. Duba su duk bayan ƴan kwanaki, ka mayar da wadda ta faɗi. Wadda ta wuce mako 6 ba ta faɗi ba, datse bakinta da abin yankan ka ɓare ta, in ba haka ba farcen zai tura ta cikin tafi. Kwanakin farko za ta ciccije su, wannan ba komai. In an kwana biyu tana ɗingishi ko ta ƙi sakewa, a cire.

10. In mutane take yaƙusa

Yawanci daga wasa da hannu ake koya mata tun tana ƙarama. Hannu na shafa ne, wasa kuma da abin wasa mai sanda, minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana. In ta cafke hannunka, kada ka fizge. Tsaya cak, ta saki, ka tashi ka bar ta. A koya wa yara kada su ja wutsiya, kada su taɓa ciki, kada su ɗauke ta tana ci ko barci.

Duk yaƙushin da ya fasa fata a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai gudu. Akwai cutar da ake ɗauka ta yaƙushin kyanwa, mai sa ƙaluluwa da zazzaɓi, kuma ƙwayarta a kashin ƙuma take, wanda yake maƙalewa a farce. Rigakafinta kashe ƙuma ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ba ta ba da shawarar cire farce ba ko ga masu raunin garkuwar jiki. A yi amfani da maganin ƙuma na kyanwa kaɗai, domin na karnuka mai sinadarin fametirin yana kashe ta. In kyanwar ba a san ta ba, ko ba ta da rigakafin cutar haukan kare, a wanke wurin minti 15 a tafi asibiti a ranar.

In an riga an cire mata

Wanda ya karɓi irin wannan kyanwar kada ya bar ta ta fita waje, ba ta da abin kare kai kuma hawa yana yi mata wuya. A sa mata yashi mai laushi ƙwarai a akwati mai gajeren baki, a hana ta yin ƙiba, a ajiye ɗan matakala kusa da inda take son hawa don kada ta riƙa dira a kan yatsun. Turke ma a ba ta, za ta ci gaba da goga ƙafa tana miƙa. In tana ɗaga ƙafa ɗaya in ta zauna, ko tana yawan lasar dagi, ko ta fara cizo, ko ta ƙaurace wa akwatin yashi, a nemi likita ya ɗauki hoton ƙashin yatsun. In guntun ƙashi ne ya saura ana iya cire shi, kuma akwai maganin zafi na kyanwa da likitan zai rubuta gwargwadon nauyinta.